Mage Ɗaya Ko Maguna Dubu?

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 ga kimiyyar kwantam, bidiyoyi suka cika mana waya: wai masana sun tabbatar magen da aka rufe a akwati kan kasance a raye kuma a mace lokaci guda, wai kallonka ke yanke mata hukunci. Masu yaɗawa ba sa faɗin cewa Erwin Schrödinger ya ƙago labarin magen nan a 1935 ne domin ya nuna fassarar ba ta shiga hankali. Gatse ya yi, aka ɗauke shi hujja.

Ainihin gardamar daban take. A 1926 Max Born ya nuna lissafin kwantam ba ya faɗin inda ilektiron zai sauka, sai dai yawan yiwuwar a same shi nan ko can. To, me lissafin yake siffantawa? Ɓangaren Niels Bohr suka ce ƙwaya ɗaya, kamar ilektiron guda, kuma babu sauran bayani bayansa. Einstein ya ƙi. Shi a ganinsa ana maganar tarin ƙwayoyi ne da aka shirya iri ɗaya, ra'ayin da Leslie Ballentine ya tsara sosai a 1970. A wannan fahimta babu wata mage mai rabin rai. Akwatuna dubu ne, a kusan rabinsu magen ta mutu, a sauran tana nan garau.

Dubi mai gugguru. Ta san jim kaɗan yawancin masarar za ta fashe, amma tambaye ta wace ƙwaya ce za ta fara, ta yi maka dariya. Sai dai ita masara kowace ƙwaya da dalilinta a ɓoye: danshinta, kaurin ɓawonta, kusancinta da wuta. Ilektiron fa? Nan ne gizo ke saƙa. John Bell ya nuna a 1964 cewa irin waɗannan ɓoyayyun dalilai, muddin tasirinsu bai wuce inda suke ba, ba za su dace da lissafin kwantam ba. Gwaje-gwajen da suka kai Aspect da Clauser da Zeilinger ga kyautar Nobel ta 2022 sun bi bayan lissafin.

Duk da haka, a ɗakin gwaji tarin ne ke fito da tsarin. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a Japan suka riƙa harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya bar ɗigo guda, kamar babu tsari. Sai da dubbai suka taru zanen layi-layi ya fito. Ko David Wineland, da ya samu Nobel a 2012 saboda iya sarrafa ƙwaya ɗaya tak a tarko, sai ya maimaita awo sau da yawa kafin ya fitar da adadi, kuma adadin, ɓangaren Bohr da na Einstein duk sun yarda da shi.