Wane Irin Linux Ya Dace Da Sabon Shiga?

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro ga Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan ƙarfe na tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. To, mun san irin injinan da ke hannun malamai da akawuna a ƙasar Funtuwa da Malumfashi: da yawa na hannu ne, an sayo su a Kano ko Zariya bayan an kai masara ko auduga kasuwa. A cikinsu sunayen 'yan makaranta su ke, da sakamakon jarrabawa, da takardun albashi. Barin waɗannan a injin da aka daina toshe kafofinsa kamar barin rumbu ne a buɗe tsakiyar damina.

Akwai mafita, watau Linux. Ita ma uwar manhaja ce, mai tafiyar da kwamfuta duka kamar yadda Windows ta ke yi, amma kyauta ce, kuma kowa na da izinin kwafarta ya ba ɗan'uwansa, ba sata ba ce. Wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991. Abin da kan ruɗa sabon shiga shi ne yawan ire-irenta, gama sun kai ɗaruruwa.

Manomi ba ya ruɗewa don Samaru ta fitar da irin masara barkatai. Ƙasarsa ya kan duba, da tsawon damina, sa'an nan ya ga abin da ya yi kyau a gonar maƙwabcinsa. Haka mu ke so a yi a nan. Ire-iren da mu ke magana a kai dangi ɗaya ne: Debian ce kaka, tun 1993, daga cikinta Ubuntu ta fito a 2004, a hannun Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, daga Ubuntu kuma aka sami Linux Mint a 2006.

A kwalejinmu ta horon malamai Mint mu kan fara nuna wa ɗalibai, ga kuwa dalili. Fuskarta ta yi kama da Windows, wanda ya saba latsa kusurwar hagu ta ƙasa don neman aikinsa nan zai same shi. Ta kan zo da LibreOffice a ciki, na rubuta wasiƙa da tsara lissafi, yana kuma buɗe takardun Word da Excel, ko da ya ke wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce. Sa'an nan ga zancen kuɗin data, wanda ba wasa ba ne ga mai jiran ƙarshen wata: sauko da Mint ya kan ci kusan giga 3, Ubuntu 24.04 kuwa kusan 6. Mint 22, wadda ta fito a 2024, an yi alkawarin kula da ita har 2029. Ubuntu ba ta da aibu, ita ma fitowarta ta dogon zango shekara 5 a ke kula da ita, amma ta fi son inji mai ƙarfi.

In ƙwaƙwalwar aikin injin ta kai giga 4, a ɗauki Mint mai fuskar Cinnamon. In 2 ce, sai Mint mai Xfce ko Lubuntu, don ba su da nauyi. Arch ta gwanaye ce, a bar ta tukuna. Samari kuma mun lura ba su da zance sai Kali, wai ta masu kutse ce. An yi ta ne don masu binciken tsaro, ba abin da za ta ƙara wa mai rubuta rajista sai ciwon kai.

Amma fa in akwai malami ko mai gyara a garinku wanda ya ƙware a wani iri dabam, Ubuntu ce ko Debian, to, a bi nasa, a bar namu. Ran da firinta ta ƙi aiki ana gobe jarrabawa, shi ne kusa, ba mu ba.

Kada a yi gaggawar share Windows. A kwafe takardu duka zuwa wani wuri tukuna. Sa'an nan a sa Linux a filashi, a ta da injin daga gare shi. Za ta yi aiki ba tare da taɓa abin da ke ciki ba. A gwada intanet, da sauti, da firintar ofis. Akawun da aikinsa ya rataya a kan wata manhaja ta hukuma wadda Windows kaɗai ta ke karɓa, ya tambayi na gaba da shi kafin ya canja kome. Ran da za a dasa ta sosai kuma, batir ya kasance cike ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiya kan ɓata aikin.

Filashi ɗaya ya ishi makaranta guda, har a ba maƙwabta aro. A wajen zaɓen madannai kuma akwai tsarin Hausa na Nijeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ, don haka malamin Hausa ba sai ya bi takardar tambayoyi da alƙalami yana lanƙwasa haruffa ba.