Littafin da Aka Kulle a Sito, Gara Ke Karanta Shi

Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan ta shafe shekaru a rufe, hirar majalisa ta koma kan kuɗin buhun masara da na sa, da yadda motoci suka dawo hanyar Kaduna. Mun gode wa Allah, muna kuma roƙonsa ya zaunar da abin. Sai dai akwai wata ɓarna da ake tafkawa a cikin garuruwanmu wadda ba ɗan bindiga ke yin ta ba. Mu ne da hannunmu, kuma masu yin ta gani suke riƙon amana suke yi.

Kwanakin baya wani taro ya kai ni wata makarantar firamare a wannan ƙasa tamu. Bencina suka gaza, hedimasta ya aika a ɗauko makullin sito. Da aka ture ƙofar, wari ya fara tarbar mu, irin na ɗakin da ya sha damina bai sha iska ba. A kusurwa ga kwalaye jibge a ƙasa, jingine da bango. Na ɗauka alli ne ko rajista. Ashe littattafai ne, na Hausa da na Turanci da na lissafi, har da ƙananan na labarai masu hotuna, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Wani yaro ya ɗaga kwalin ƙasa, gindin ya zube. Gara ta gina hanya daga bango ta shiga, ta cinye tsakiyar littattafan ta bar bangwayensu. Waɗanda gara ta ƙyale, yoyon kwano ya manne su wuri guda, ɓera ya yi sheƙa a saura.

Na ce, "Malam, me ya kawo wannan?"

Ya ce, "Yallaɓai, kayan gwamnati ne. Ƙirga mini su aka yi, na sa hannu. In na raba wa yaran nan, kafin ƙarshen zango rabi sun yage, rabi sun tafi wurin mai ƙosai. Ranar da masu bincike suka zo, wa za a riƙe?"

Ban raina tsoronsa ba, don na san yadda ake kama ƙaramin ma'aikaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma a dubi lissafin nasa. Yana tsoron yaro ya yaga shafi uku, sai ya miƙa wa ƙwari littafin gaba ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, sai dai a nan garar ma ba a tsere mata ba. Littafin da ya mutu a hannun yara ya yi aikin da aka buga shi dominsa. Wanda ya ruɓe a kwali, an yi asarar kuɗin buga shi da na ɗauko shi daga Kaduna a kan hanyar da direbobi suka riƙa bi rai a hannu, sannan an yi asarar yaran da ba su gan shi ba. A ajin da ke jikin wannan sito, yara na zaune malami na rubuta musu a allo suna kwafa, ba mai littafi ko ɗaya a gabansa. Bango guda ne tsakaninsu da kwalayen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowa ya sani. Malamai sun san da kwalayen. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya san da su, don a gabansa aka sauke. Mai gadi ya sani. Ba wanda ya ce uffan, saboda mun saba da tunanin cewa littafi kaya ne na adana, kamar kwanon tangaran na amarya, ba na taɓawa ba. Wani lokaci ma makullin yana aljihun malamin da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara, kuma ba wanda zai fasa kwaɗo don kada a ce shi ya fasa.

Kada mu ɗora wa malaman makaranta kaɗai. Ku shiga falon wasu manyanmu ku ga kabad mai gilashi cike da littattafai, a kulle, 'ya'yan gidan ba su taɓa sanin abin da ke ciki ba. Ku dubi abin da ke faruwa idan malamin zaure ya rasu: a raba gona, a raba gida, a tattara littattafansa a buhu a cusa ƙarƙashin gado, har ranar da za a zazzage a tarar da gari. Ga kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda suka jawo rowar tun farko, wato masu aron littafi su riƙe. Mutum zai ari ɗari biyar ya kasa barci sai ya biya, amma ya ari littafi ya shekara da shi, in ka tambaya ya ce, "Au, har yanzu kana ta wannan littafin?" Bashi ne, malam. Wanda ya yage shafi ya ƙunshe tsire ko awara da shi kuwa, wannan ba ni da abin ce masa da za a iya bugawa.

Iyayenmu ba haka suka ɗauki abin ba. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ɗakunan karatu a ƙarƙashin En'e a garuruwan Arewa da dama, inda mutum zai shiga ya karanta jarida. A farkon shekarun 1950 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma cikin ayyukansa har da cika akwatuna da littattafai a aika larduna, a karanta, a mayar, a karɓo wasu. Akwati ne mai yawo. Hukumar laburare ta Jihar Kaduna da ke titin Bida ita ta gaji wancan gida. A wancan zamanin ne aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha don magidancin da ya fara haɗa baƙi ya samu abin da zai ci gaba da shi, kada karatun ya zube. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, kwafi ɗaya yakan zaga unguwa, mai karatu yana karantawa da ƙarfi, jama'a na saurare. Editanta Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, a Kagara aka haife shi a 1911, nan maƙwabtanmu ta wajen Tegina. Yaron da ke Randagi ko Kakangi ya kamata ya san cewa wanda ya fi kowa suna a rubutun zube na Hausa daga wannan yankin dajin ya fito. Ta ina zai sani, littafin yana cikin kwali?

Da a ce lokacin zaman lafiya ne, sai a ce sakaci ne kawai. Amma kowa ya san abin da yaranmu suka gani. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Tsakanin waɗannan da abin da ya gabace su, ƙauyuka sun watse, makarantu sun rufe, malamai sun gudo cikin gari. Yau akwai ɗan shekara goma sha biyu da aka mayar aji, ya fi kowa tsawo, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kunya tana cin sa. Irin wannan yaro awa biyar na makaranta ba za su cike masa giɓin ba. Yana bukatar ɗan littafi mai sauƙi da zai tafi da shi gida, ya yi ta fama da shi a bayan ɗaki inda ba mai yi masa dariya. Shi muke hana wa.

Na san za a ce ai yanzu komai yana waya. To, mu a nan mun fi kowa sanin iyakar wannan magana. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a yankinmu saboda tsaro, aka yi kusan wata biyu waya ba ta da amfani sai haska fitila. Ko yanzu, a ƙauyuka nawa ne sabis ke tsayawa? Gida nawa ne uba zai bar wa ɗan aji uku wayarsa da kuɗin data? Littafi ba ya neman caji.

Abin yi ba ya bukatar kwangila, kuma kada wani ya ce sai an gina mana laburare mai bene. A ƙasar Kenya, a 1996 hukumar laburarensu ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma, ta riƙa kai wa makiyayan yankin Garissa. Mu babur muke da shi, da akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana.

A fara da buɗe siton. Hedimasta ya kira shugaban iyaye da mai unguwa ko wakilinsa, a ƙirga abin da ya rage a gabansu, a rubuta wanda ya lalace, kowa ya sa hannu. Wannan takardar ita ce kariyarsa ranar bincike, ta fi kwaɗo. Iyaye su rubuta a cikinta cewa su suka nemi a ba yara, kuma sun yarda littafi yana tsufa. Masu zuwa duba makarantu su ma su canza tambaya. Maimakon "guda nawa suka rage?" su ce "nuna mini rajistar aro." Duk makarantar da aka tarar da littattafanta sababbi fil bayan shekara biyu, ita ya kamata a tuhuma.

Rajistar nan ba wani abu ba ce, littafin rubutu ne mai shafi tamanin: sunan yaro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Mako guda ya isa. A ba manyan ɗalibai biyu riƙon ta, mace da namiji, za ku sha mamakin yadda yara ke tsare abin da aka damƙa musu. Kafin littafi ya fita, a yi masa riga da takardar buhun siminti, a ɗinke ƙashin bayansa da allura da zare in ya fara saki. Wanda ya yaga, a zaunar da shi ya gyara da gam. Kada a doke shi. Yaron da aka zane a kan littafi ya gama aro har abada, kuma ƙannensa ma sun ji labari.

Wajen ajiya kuwa, don Allah a raba littafi da ƙasa, a raba shi da bango. Katako biyu a kan bulo sun wadatar, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da gini, a riƙa leƙa bayansu ana neman hanyar gara. A sa busasshen ganyen dogon yaro ko ƙwallon kafur a tsakani. Da damina ta ɗauke, a fito da su inuwa su sha iska. Kwali a ƙasan siminti mai danshi gayyata ce kawai. Malaman da suka bar mana rubuce-rubucen hannu masu shekaru fiye da ɗari a gafaka suka adana su, suna kuma buɗe su kullum, shi ya sa suka kai gare mu.

Karatun kuma kada a tsare shi a aji. A ware yamma ɗaya a mako, bayan la'asar, a ƙofar mai unguwa ko ƙarƙashin bishiyar makaranta, wani mai murya ya karanta labari da ƙarfi, a tsaya inda ya yi daɗi sai wani mako. Tsoho da bai yi boko ba zai zauna, jikansa ma zai zauna, kuma gardamar da za ta biyo baya ita ce rabin amfanin. Samarinmu da suka gama sakandare suna jiran sakamako, ga aikin yi, kuma su tara tsofaffin littattafansu na jarrabawar WAEC da NECO da JAMB wuri guda don na bayansu. Matan aure akwatinsu ya tafi Islamiyya, a hannun malama. Ba sabon abu ba ne, Nana Asma'u 'yar Shehu ta aika malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye da karatu ga matan da ake kira 'yan taru tun ƙarni na 19. Manoma kuma, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana buga ƙasidun noma da Hausa, duk mai zuwa Zariya ya nemo ya jefa a akwatin.

Akwai kuma yaran ruga, waɗanda suka taso a cikin dajin Kamuku da Kuyambana ba su taɓa riƙe littafi ba, yanzu suna biyo iyayensu kasuwa. Hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, hedikwatarta tana Kaduna, amma ba sai mun jira ta ba kafin a shimfiɗa tabarma ranar kasuwa a ce kowane yaro ya zo ya ga hoto ya ji labari. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne, ya tuna shekarun waɗanda suka riƙa tare mana hanya.

Ina kira ga iyaye, a taron makaranta na gaba wani ya miƙe ya nemi a buɗe sito a gaban kowa, cikin ladabi, ba da faɗa ba. Hakimai da dagatai su tambayi makarantun ƙasarsu abin da ke cikin nasu siton kafin damina ta sake sauka. Kai kuma da littafin wani yake ɗakinka tun bara, ka mayar masa a wannan makon.