Tara Rabi da Sulusi: Aikin Lambar Ƙasa a Lissafi

Ɓangaren lamba, wato kaso daga cikin abu guda da aka raba daidai wa daida, ana rubuta shi da lambobi biyu, ta ƙasa tana nuna gida nawa aka raba abin, ta sama kuwa tana faɗin nawa aka ɗauka daga ciki. Kuskuren da ya fi yawa a wajen 'yan firamare shi ne tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, har 1/2 da 1/3 su ba su 2/5, alhali 2/5 bai ma kai rabin da aka fara da shi ba, balle a ce an ƙara masa sulusi.

Lambar ƙasa ma'auni ce mai nuna girman yanki, kuma kamar yadda ba a haɗa mudu da buhu a ƙirga sai an mayar da su awo ɗaya, haka rabi da sulusi ba sa taruwa sai an yanka su gunduwa iri ɗaya. Karan rake mai gaɓa shida masu tsawo ɗaya ya isa misali, domin rabinsa gaɓa uku ne, sulusinsa gaɓa biyu, jimlarsu gaɓa biyar cikin shida, wato 5/6. Ƙa'idar ita ce a nemo mafi ƙanƙantar lambar da lambobin ƙasan biyu suke raba ta babu saura, sannan a ninka saman kowane ɓangare gwargwadon yadda aka ninka ƙasansa. Yaron da aka haddatar masa da ƙa'idar kafin ya ga raken kan manta ta da wuri.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin kalmomin rubu'i da sudusi da sumuni daga Larabci suka shigo, kuma malaman rabon gado sun daɗe suna kiran lambar ƙasa ta bai ɗaya da sunan asalin mas'ala. Shi kansa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza cikin ƙarni na 9, ya keɓe babban sashe ga gado da wasiyya. Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji, matar tana da sumuni, wato ɗaya cikin takwas, uwar tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, kuma da yake 24 ce mafi ƙanƙantar lambar da 8 da 6 suke rabawa, sai a kasa dukiyar kashi 24, matar ta ɗauki 3, uwar ta ɗauki 4, jimla 7/24, sauran kashi 17 su zama na ɗan.