Sassaƙa Allon Lantarki: Aikin Yana Ga Bakin Inji

Duk wanda ya ratse daga Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ya bi ta Tudun Wada zuwa Doguwa, zai ga rumfunan masu gyaran rediyo da caja da kayan sola a kowace kasuwa. Gwanaye ne, amma da zarar allon lantarkin na'ura ya ƙone, wato fanel a bakin masu gyara, sai su jira a kawo wani daga Kano. In ba a samu ba, na'urar ta zama bola.

Alhali a yau akwai ɗan injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake kira CNC. Samfurin 3018 yana aiki a kan fili mai tsawon santimita 30 da faɗin 18, teburin tela ma ya ishe shi. Ana zana hanyoyin wuta da manhajar KiCad, wadda kyauta ce, sannan injin ya kankare jan ƙarfen da ke tsakaninsu, ba tare da an jiƙa allon a ruwan sinadari ba.

Inda masu saye ke tuntuɓe shi ne, sai su zuba kuɗinsu a inji, su raina bakin da ke yin yankan. Masassaƙi kuwa ya san gatari ba ya aikin gizago. Baki uku ake bukata, kuma ya kamata mu raɗa musu suna da Hausa, domin abin da ba shi da suna yana da wuyar koyarwa.

Na farko shi ne baki mai tsini, mai raba hanyoyin wuta. Kaurin jan ƙarfen allo bai wuce milimita 0.035 ba, saboda haka nutsewar milimita 0.1 ta wadatar. Da yake bakin yana buɗewa ne daga tsini zuwa sama, gwargwadon nutsewarsa gwargwadon faɗin yankansa. Mai kusurwar digiri 30 da tsinin milimita 0.1 zai yanka kimanin 0.15; mai digiri 60 zai haura 0.2, ya ci siraran hanyoyi, sai dai ya fi jure wahala. Mai koyo, wanda hanyoyinsa ke da faɗi, gara ya fara da na 60.

Na biyu shi ne bakin huda, na ramukan ƙafafun kayan lantarki, galibi milimita 0.8 da 1.0. Na uku shi ne bakin masara, mai haƙora jere kamar zangarniya, wanda ke yanke allon daga uwarsa. Dukkansu a nemi na kabayid mai gindin milimita 3.175, wanda ya dace da mariƙin ER11. Kabayid ya fi ƙarfe tauri, amma kamar tangaran yake: ya faɗi ƙasa, ya karye. Kada a saya ɗai-ɗai, kada kuma a ruɗu da sauƙin farashi, domin araha ba ta ado.

Shi kansa allon iri biyu ne. FR-4 na zaren gilashi ne, yana dakushe baki da wuri, ƙurarsa kuma illa ce ga huhu. FR-1 na takarda da ƙaro ne, ya fi laushi, shi ya dace da wannan inji. Sannan babu allon da ya miƙe sarai. Wajibi ne a sa injin ya auna tudu da kwarinsa kafin yanka, in ba haka ba wani gefen ya yanku, wani ko ƙwarzane babu.

Wannan yanki ba baƙon fasaha ba ne. A Bebeji madatsar Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. A Doguwa kuma Riruwai take, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ita ce kuwa jigon dalmar da ake liƙa kayan lantarki da ita. Kira ga hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta Jihar Kano da shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu shi ne, in za a sayo wa makarantu wannan inji, a sa kuɗin bakuna na shekara guda cikin kasafin tun farko. Ranar da bakin ƙarshe ya karye, ranar za a rufe injin da ƙyalle a kulle ɗakin.