Dalar 1780 da Kwabon 1936: A Daina Sayen Lambar Shekara

Hoton da ke yawo a Facebook da WhatsApp kusan iri ɗaya ne. Tsohuwar dala ce ta azurfa a tafin hannu, fuskar wata mace a gefe guda, gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen, ga lambar 1780. A ƙasa sai a rubuta cewa ta haura shekara 240, Turawa na nemanta ruwa a jallo, mai ita kuma buƙata ce ta taso masa. Abin takaici shi ne masu tura kuɗin ba yara ba ne. Mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya duba haƙoranta, shi ne zai biya kuɗin ƙarfen da bai taɓa riƙewa ba, don kawai ya ga lamba huɗu a jikinsa.

Matar da ke jikin dalar ita ce Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Da yake fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasar Hausa sun saba da wannan kuɗi, ba sa karɓar wanda aka sauya masa kama, sai aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta ba tare da an taɓa shekarar ba. An buga shi a Vienna, daga baya har a Roma da Landan da Paris da Bombay, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya na fitar da sababbi masu ɗauke da 1780. Adadin da aka buga ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Ke nan dalar da ke cikin adudun kaka tana iya zama ta zamanin ayarin raƙuma, tana kuma iya zama ta shekarun 1930, lambar ba za ta raba gardama ba. Wanda duk ya kafa tsadar hajarsa a kan 1780 kaɗai, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya san mai sayen bai sani ba.

Wani zai ce ai ko ba komai azurfa ce. Gaskiya ne, idan ta gaske ce. Dala ta ainihi nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗori, kuma azurfar tsantsa da ke cikinta ta kai giram 23 da wani abu. Wannan shi ne ginshiƙin farashin galibinsu, kuma kowa na iya lissafa shi da farashin azurfa na ranar. Amma hoto ba ya nuna nauyi. Jabun da ake zubawa da farin ƙarfe yakan yi sauƙi a ma'auni, rubutunsa ya daskare, a ga ƙananan ƙuraje a fuskarsa, rubutun da ke zagaye da bakinsa kuma ya dushe ko ya ɓace. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, saboda haka wadda ta manne masa magana ta ƙare. Wadda ba ta manne ba kuwa ba ta tsira ba tukuna, domin tagulla ma ba ta mannewa. Sai an kai ta gun maƙerin farfaru ko mai sayar da zinari ya ɗora ta a ma'auni. Me zai hana a yi wannan kafin kuɗi su bar asusu, in ba gaggawa da kwaɗayi ba?

Haka zancen yake ga kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Ana cewa sarkin bai cika shekara a kan karaga ba, don haka kuɗinsa ba su da yawa. A Ingila haka ne, ba a saki kuɗi da sunansa ba. A Afirka ta Yamma kuwa an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa da yawan gaske, masu tara tsofaffin kuɗi kuma na samunsu da araha.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce an ga irin kuɗin a shafin ciniki na eBay an sa masa dubban dalolin Amurka. To, sa farashi ba ciniki ba ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. A shafin akwai wurin duba kayan da aka riga aka sayar, can ne ake ganin abin da mutane suka biya da gaske. Ba a musun cewa akwai masu tsada, kamar dalolin da aka buga tun sarauniyar na da rai, masu shekarun da suka gabaci 1780. Sai dai irin waɗannan ƙwararru ne ke tantance su, kamfanoni irin su NGC da PCGS su rufe su cikin roba mai tauri da lambar da ake iya bincikawa a shafinsu. Mai irin wannan kaya ba ya tallarsa a zauren WhatsApp yana cewa a yi sauri.

Masu sayarwa ma suna da nasu sakacin. Da zarar an ji tsohon kuɗi na da daraja sai a hau dirzarsa da toka da lemon tsami don ya yi ƙyalli, alhali wannan dirza na rage masa kuɗi a wajen masu tarawa, kamar yadda huda shi don rataya ke mayar da shi azurfar awo kawai. Sannan duk wanda ya ce yana da Baturen da zai saya, amma sai an biya kuɗin rajista ko na takardar shaida ko na kwastan tukuna, kuɗin rajistar yake nema, ba kwabon ba.