Tambayar da ba ta neman amsa

Tun da finafinan Koriya ta Kudu suka cika wayoyin samari a Daura, musamman bayan fitowar Squid Game a 2021, ake ta yayata wai harshen Koriyawa yana da wani zurfi da Hausa ba ta da shi, don kuwa su sukan yi tambaya alhali ba tambaya suke nufi ba. Wannan magana tana ci mini rai.

Abin da aka lura da shi game da Koriyanci gaskiya ne. "Odi" na nufin ina, amma idan Bakoriye ya daka tsawa ya ce "odil!", ba wuri yake nema ba, cewa yake ba ka isa ba. Ka yi masa godiya ya ce "mwolyo", wato ai mene ne. Har ma kalma ɗaya, "nugu", tana zama wa ko wani, sai karin murya ya raba gardama.

To, mu fa? Je ka taya rago a kasuwar Mai'aduwa da kuɗin da bai kai ba, ka ji mai shi ya ce "Ina!" Ka taɓa ganin wanda ya tsaya nuna masa hanya? Uwa ta ce wa ɗanta "Wa ya aike ka?", ba suna take jira ba, faɗa take yi. Talaka ya ce "Wane ni!" a ƙofar fadar Sarkin Daura, ladabi ne tsantsa. "Ina ruwana?" janye jiki ne, "Yaushe rabonka da mu?" ƙorafin zumunci. Kalmar tambaya kamar taɓarya take: aikinta daka, amma ranar da ɓarawo ya hauro katanga makami ce.

Kamannin ya kai har ginin kalma. Mu mukan ɗora "ko" a gaba: wa ya zama kowa, yaushe ya zama koyaushe. Su sukan liƙa "na" a baya: "nugu" ya koma "nuguna", "onje", wato yaushe, ya koma "onjena", ma'anar kuma iri ɗaya da tamu.

Laifin ba na yaran ba ne. A aji ana sa su haddace wa, me, ina, yaushe a matsayin kalmomin tambaya, a yi jarrabawa, a tashi. Da wuya malami ya kawo zancen kasuwa ko na tsakar gida gaban allo, su kuma masu tsara manhaja ba su tilasta hakan ba. Shi ya sa yaron da aka haifa kusa da rijiyar Kusugu sai a bakin ɗan wasan birnin Seoul yake fara gane abin da kakarsa ke yi masa kullum.