Saukar Jirgin da Ya Rasa Linzami

Lokacin sauka ne jirgin sama ya fi buƙatar linzaminsa: gudu ya ragu, ƙasa ta matso, babu sararin gyara kuskure. A manyan jirage, man haidirolik ke motsa sassan fikafikai da jela. Ranar 19 ga Yuli, 1989, injin jelar wani DC-10 na kamfanin United ya tarwatse a sararin Amurka, ɓaraguzansa suka huda hanyoyin man nan uku duka. Matuƙan suka koma sarrafa jirgin ta ƙara wa injin dama ko na hagu wuta, aiki mai tsananin wuya. Sun isa filin Sioux City da gudu fiye da ƙima, fiffiken dama ya daki ƙasa, wuta ta tashi. Cikin mutum 296, 184 suka tsira.